Ina so in koyi haɗa shafin intanet da manhajar waya, daga ina zan fara?

Tambayoyin nan ne ƙannena da abokansu suke ta damuna da su tunda suka ga ina wannan harkar, shi ne na ce bari in amsa su gaba ɗaya in huta.

Tambaya: Laftof ɗina RAM ɗinta giga 4 ce, za ta iya kuwa?

Amsa: Za ta iya, amma fa da shafin intanet za ka fara. HTML da CSS da JavaScript, yarukan da ake haɗa shafin intanet da su, ba sa buƙatar komai sai burauza da wurin rubuta kod, kuma VS Code na Microsoft kyauta ne, ka ɗora masa Live Server kawai, duk lokacin da ka adana aikinka sai shafin ya sabunta kansa a Chrome kana kallo. Kuskuren da yawanci suke yi shi ne ranar farko su sauke Android Studio, manhajar Google ta haɗa manhajojin Android, alhali shi giga 8 ne mafi ƙarancin abin da yake so, kuma ko a kan 8 ɗin in ka kunna wayar gwaji ta cikinsa, wato wayar Android ta kwaikwayo da ke fitowa a allon laftof, fankar laftof sai ta kama ƙara kamar injin markaɗe, mutum ya zauna yana jira har ya ce shi wannan karatun ba nasa ba ne. In kuɗinka kaɗan ne, sa SSD, wato faifan ajiya mai sauri, a maimakon tsohon faifan, nan take za ka ga bambanci.

Tambaya: To me da me zan girka?

Amsa: Uku sun isa. VS Code, Git, da Node.js mai gudanar da JavaScript a kwamfuta, shi ka ɗauki wanda aka rubuta LTS, wato sigar da ake daɗe ana kula da ita. In ka gama ka buɗe taminal, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta node -v, idan lamba ta fito shi ke nan. Idan ya ce bai san umarnin ba, kar ka ruɗe, yawanci maganar PATH ce, wato jerin wuraren da kwamfuta ke duba umarni, rufe taminal ɗin ka sake buɗewa tukuna kafin ka fara goge komai.

Tambaya: Shi Git ɗin dole ne?

Amsa: Wallahi dole ne. Linus Torvalds ne ya ƙirƙire shi a 2005 don aikin Linux, yana ajiye tarihin duk canjin da ka yi, sai ka tura shi GitHub, shafin ajiye kod a intanet. Ranar da faifan laftof ya mutu ko aka sace ta, aikinka na nan. Kuma mai neman ba ka aiki GitHub ɗinka zai fara leƙawa.

Tambaya: Flutter ko React Native?

Amsa: Wannan musu ba ya ƙarewa, duka biyun kayan haɗa manhajar waya ne. Flutter na Google ne, da yaren Dart ake rubuta shi, cikakken sigarsa ta farko ta fito a ƙarshen 2018. React Native kuma Facebook ne ya fitar da shi a 2015, JavaScript yake amfani da shi. Duka biyun kod ɗaya za ka rubuta ya yi aiki a Android da iPhone. Ni dai ga wanda ya riga ya sha wahalar JavaScript, React Native da Expo nake ce masa, saboda ka sauke Expo Go a wayarka ka haska lambar QR sai manhajarka ta buɗe a hannunka, ba ruwanka da wayar gwaji. In Flutter ka zaɓa, bayan ka girka shi rubuta flutter doctor a taminal, zai jero maka duk abin da ya rage ba ka girka ba. Don gwaji da wayarka ta gaske kuwa, shiga saitin waya wurin bayanin wayar, ka taɓa Build number sau 7, sannan ka shiga Developer options da zai bayyana a saitin ka kunna USB debugging ka jona waya da igiya.

Tambaya: Data fa?

Amsa: Nan ne kuka yake. Android Studio da kayansa giga-giga suke ci, sannan Gradle, mai harhaɗa kod ɗin ya zama manhaja, shi ma karon farko sai ya sauke nasa. Ka bari sai dare lokacin data mai sauƙi, ko ka karɓi fayil ɗin girkawa a filash wurin wanda ya riga ya sauke, kuma ka tabbata laftof na da caji don kar wuta ta ɗauke a tsakiya.

Tambaya: Ba ni da laftof sam.

Amsa: Acode na rubuta kod da Termux mai ba ka taminal suna aiki a Android, darussan freeCodeCamp ma kyauta ne kuma suna buɗewa a waya. Za ka koyi tushe, amma rubutu da babban yatsa akwai gajiya, sai ka fara tara kuɗin tokumbo.

Tambaya: In na gama, ya zan sa ta a Play Store?

Amsa: Google na karɓar dala 25 sau ɗaya. Apple kuma, in App Store na iPhone kake so, dala 99 duk shekara, sannan Xcode, manhajarsu ta haɗa manhajojin iPhone, a kan kwamfutar Mac kaɗai yake aiki. Kafin nan dai ka fitar da APK, wato fayil ɗin girka manhajar a Android, ka tura wa abokai ta WhatsApp su gwada, su ne za su nuna maka inda take maƙalewa a kan Tecno da Infinix.