Shin allura ce ke tayar da ciwon daji?

An daɗe ana cewa ciwon daji ba ya son allura, wai da zarar likita ya tsakuri ƙullutu domin gwaji sai ciwon ya bazu. Masu wannan tsoro suna da dalili, domin galibi ba a zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya yi nisa, shi ya sa idan ya tsananta bayan gwajin sai a ɗora wa allura laifi.

Abin da ke haɓaka ciwon yana cikin ƙwayoyin jiki ne. Kowace ƙwaya tana jiran saƙo kafin ta rabu biyu, kuma furotin, wato wasu sinadarai da ƙwayoyin jiki ke haɗawa, su ne ke isar da saƙon. Idan wani furotin mai suna RAS ya gurɓata, sai ya zama kamar makunnin fitila da ya maƙale, ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba tare da umarni ba. A kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na dajin mama kuwa, wani furotin mai suna HER2 ne ke yin yawa, kuma gwajin tsokar da aka tsakuro ne ke gano shi har a zaɓi maganin da ke toshe saƙon. Bazuwa ta hanyar allurar gwaji da wuya ƙwarai take faruwa.

Mai son tabbatarwa ya nemi takardar sakamakon gwaji, ya roƙi likita ya fayyace masa abin da ta ƙunsa. Don Allah a isar da wannan bayani ga 'yan uwa.