Asibiti da 'Yan Sanda Tukuna, Ofishin Bishop Daga Baya

Abu ɗaya muke ta gani. Yaro ya yi ta maza ya faɗa wa uwarsa lalatar da Fada, wato limamin coci, ya yi da shi, sai iyaye su nufi gidan shugaban coci, a ce musu su yi haƙuri za a duba. Sai bayan mako uku a kawo mana yaron asibiti. To a lokacin me ya rage?

Iyaye, ku daina wannan rufa-rufar. Mun san kuna jin nauyin mutumin da ya yi wa 'ya'yanku baftisma, amma ku dubi inda "za a duba" ta kai wasu. A Boston ta Amurka, shekara da shekaru ana ɗauke Fada John Geoghan daga wannan ikilisiya a kai shi waccan, yana samun sabbin yara, har jaridar Boston Globe ta tona asirin a 2002, shugaban cocin Katolika na Boston, Kadinal Bernard Law, ya yi murabus. A Faransa, kwamitin bincike mai zaman kansa ya ƙiyasta a 2021 cewa yara 216,000 ne limaman coci da 'yan zuhudu suka lalata tun daga 1950. Sauyin wurin aiki ba hukunci ba ne.

Ita kanta Fadar Vatican ta matsa. A 2019 Paparoma Francis ya wajabta wa limamai kai rahoto ga hukumomin coci, ya kuma cire dokar ɓoye bayanai da ake kira sirrin fadar Paparoma daga irin waɗannan shari'o'i. Amma kotun coci iyakarta ta tuɓe wa mutum rigar limanci. Ba ta ɗaure kowa, ba ta ba yaro magani.

Idan ya faru:

A kai yaron asibiti a ranar. Maganin kariya daga HIV sai cikin awa 72 yake aiki, a sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki ga yarinya, cikin kwana 5.

Kada a yi masa wanka kafin gwaji. Kayan jikinsa a sa su a jakar takarda. Leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida.

A rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, da rana da lokaci. Ban da tsare shi da tambayoyi, ban da "me ya kai ka?"

A kai ƙara wurin 'yan sanda, sannan a sanar da bishop a rubuce, ku riƙe kwafi.

Kuma don Allah, kada ku karɓi kuɗin sasanci a kan ku yi shiru, kada ku kai yaron gaban wanda ya cuce shi wai a yafe wa juna. Ko kwana ukun sun wuce, ku kawo shi. Akwai gwaji, akwai masu ba da shawara.