Aibin walda a bututun mai da gas idan ƙasa ta ja shi

Ana haɗa bututun mai ko na gas ne gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa tsawonta kusan mita 12, sannan a zagaye mahaɗar da walda kamar zobe. A layi mai tsawon kilomita 614 irin na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, waɗannan zobba dubbai ne masu yawa, kuma da wuya a ce dukkansu sun fita sumul. Wani zoben yakan ɓoye ramukan iska ko kashin walda, wani kuma narkakken ƙarfen bai kama gefen bututun ba, ko bakunan gaɓoɓin biyu ba su zauna daidai ba.

Matsin da ke ciki yakan tura bangon bututu waje ne, don haka ƙaramin aibi a zoben kan iya kwana shekaru bai motsa ba. Matsalar takan taso ne idan ƙasa ta zaftare, ko girgizar ƙasa ko daskarewarta ta ja bututun ta tsawonsa, har miƙewarsa ta wuce kashi 0.5 cikin 100, wato inda ƙarfe ke daina komawa yadda yake. A nan bakin aibin yakan fara dakushewa yana buɗewa, daga nan ya riƙa yagewa a hankali har ya ratsa kaurin bangon.

Abin da ke yanke hukunci ba girman aibin kaɗai ba ne. Idan waldar ta fi jikin bututun ƙarfi, miƙewar takan bazu a gaɓar, aibin ya samu sauƙi. Idan kuwa ta fi shi rauni, ko zafin walda ya tausasa ƙarfen da ke gefenta, kamar yadda ake gani a ƙarfen bututu mai ƙarfi sosai, samfurin X70 da X80, sai dukkan jan ya taru a siririn zoben, ya tsinke tun jikin bututun bai jigata ba. Wannan shi ne ya fi cancantar kulawar injiniya, domin hoton X-ray yana nuna aibi amma ba ya nuna raunin ƙarfe. Matsin ciki ma yana rage juriyar zoben ga ja, wani lokaci har da kusan rabi.

Don auna wannan, a Jami'ar Ghent ta Beljiyam aka bunƙasa gwajin da ake yanko faffaɗan ɓangaren bututu tare da waldarsa, a yi masa tsaga da gangan, a ja shi har ya rabu. Ƙa'idojin injiniyoyi na API 1104 na Amurka da BS 7910 na Birtaniya kuwa suna bayyana yadda ake lissafa aibin da za a iya bari.

Bututun Alaska da aka kammala a 1977 ya ga ɓangarorin biyu, wato aibin walda da jan ƙasa. Lokacin gininsa an gano an yi maguɗi a hotunan wasu waldodi, aka tono da yawa aka gyara. A girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.9 ta ranar 3 ga Nuwamba 2002 kuma bai fashe ba, saboda a inda ya ratsa tsagar ƙasa ta Denali an ɗora shi kan dogayen ƙarafa da yake zamewa a kai, jan bai isa zobban da ƙarfi ba.