Tsohon ciwon ciki da aman ɗaci: tsimin kwalba yana raba mutum da su?

Ranar Juma'a a kasuwar Wudil, ko Alhamis a Maigatari, da wuya ka ratsa ba ka ji mai magani yana zuba ta lasifika ba: kwalba ɗaya, ita ce ta kumburin ciki, ta ƙwannafi, ta olsa, ta shawara, ta basir, har da ƙarin ƙarfi. Kuma ana saye, domin masu fama da ciki suna da yawa a ƙauyukanmu, asibiti kuwa da nisa. Ga tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu wannan lalura.

Na sha tsimin kuma na ji sauƙi. Ashe ba ya yi aiki ke nan ba?

Sauƙin da ka ji gaskiya ne, babu mai ƙaryata ka. Yawancin haɗin nan ba ya wuce abu uku. Akwai masu ɗaci, irin sassaƙen maɗaci, ganyen darbejiya da garafuni. Ɗaci yana tsinko yawu, ya motsa ruwan narkar da abinci, sai mutum ya ji bakinsa ya buɗe. Akwai masu sakin ciki, irin filasko da tsamiya, waɗanda bayan an zaga sau biyu sai a ji ciki ya yi sakayau. Akwai kuma kanwa, wadda take kashe kaifin asid ɗin ciki cikin 'yan mintuna, a yi gyatsa, zafin ƙirji ya lafa.

Sai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Gyambon ciki, wato olsa, dama halinsa ke nan: ya taso ya yi makonni, ya kwanta da kansa, ya sake tasowa. Mutum kuwa ba ya sayen magani sai ranar da abin ya kai maƙura, don haka duk lafawar da ta biyo baya kwalbar ce take karɓar yabo. Ka tambayi kanka wata nawa ka yi kana komawa wurin mai maganin. Abin da ya warkar ba a yi masa zarya.

To me ke kawo ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa?

Idan zafi ne a ƙahon zuciya, mai tashi cikin dare ko lokacin da ciki ba komai, abu biyu ne kan gaba.

Na farko wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, da take zama a jikin bangon tumbi. Galibi tun ana yara ake ɗaukarta, ta gurɓataccen ruwa ko abinci da cuɗanyar gida, ta zauna shekaru tana cin bangon a hankali. Wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta a 1982. Da 'yan uwansu likitoci suka ƙi yarda, Marshall ya shanye ƙwayar da kansa a 1984, ciwon ciki ya kama shi, ya tabbatar da zancensa. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Amfanin wannan labari ga manomin Jahun ko na Bichi shi ne, olsa da ake ɗauka ta zama abokiyar zama har kabari, yawancinta ana kashe tushenta da magani na kwana 14.

Na biyu yana cikin aljihun mutane da yawa: ƙwayoyin ciwon jiki. Ibuprofen, diclofenac, piroxicam da asfirin duk suna raunana kariyar bangon tumbi. Da damina, an wuni ana noma, gaɓoɓi sun yi tsami, sai a biya kemis a ce a haɗo na gajiya, a watsa su a ciki ba abinci, a bi da shayi. Mai yin haka kullum, ko ya sha tsimi tulu guda, gyambon ba zai rufe ba.

Ba su kaɗai ba ne. Tsutsar ciki da ƙwayoyin atini suna sa kumburi da murɗa, masu aiki cikin ruwan fadamar Hadejia ko gonakin rani na Kadawa kuma akwai nau'in tsargiya da yake kama hanji da hanta.

An ce yunwa da yaji ne suke kawo olsa.

Suna tayar da ita, ba su suke haifar da ita ba. Haka goro da taba. Madara kuma tana sanyaya wurin na ɗan lokaci, daga baya asid ɗin ya dawo.

Nakan yi amai mai ɗaci, rawaya ko kore, da ciwon kai da jiri. An ce maɗaciyata ce ta cika, sai an wanke.

Hanta ce take yin wannan ruwan, kusan rabin lita ko fiye kowace rana, maɗaciya ta adana shi, ta matso shi cikin hanji idan an ci maiƙo. Ba datti ba ne, aikinsa narkar da kitse. Idan mutum ya yi ta amai har ciki ya ƙare, yunƙurin da ya rage sai ya jawo ruwan daga hanji. Wato ganinsa ba ya nuna cewa ya yi yawa, yana nuna cewa aman ya yi tsanani. Abin nema shi ne me ya kawo aman: zazzaɓin cizon sauro, taifot, laulayin ciki, lalataccen abinci, ko ciwon ɓarin kai. A ƙara wa irin wannan mutum maganin da ke sa amai da gudawa da sunan wanki, ruwan jikinsa kawai ake ƙarar masa. Abin da yake buƙata ruwan gishiri da sukari ne kaɗan-kaɗan, da gwajin jini.

Akwai dai ciwon maɗaciya na haƙiƙa, wato tsakuwa a cikinta. Shi yana da kamanninsa: ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sau da yawa bayan an ci nama mai kitse ko soye-soye, yana harbawa zuwa allon kafaɗa, ya ɗauki rabin awa zuwa awoyi. Ya fi samun mata, musamman waɗanda suka yi haihuwa da yawa, da masu sikila. Hoton ciki yana nuna shi sarai, kuma idan yana yawan tashi, tiyata ce maganinsa. Babu jiƙon da aka tabbatar yana narkar da tsakuwar.

Jariri kuwa idan ya yi koren amai, ba a kwana da shi a gida. Hanji ne mai yiwuwa ya toshe.

Idan ido ya yi rawaya fa? Mun saba shawara a gida ake maganinta.

Nan ne na fi jin tsoron kwalbar. Rawayar ido alama ce, kuma bayanta akwai ciwon hanta nau'in B wanda ya yawaita a ƙasarmu, ko tsakuwa ta toshe hanyar maɗaciya, ko jini yana fashewa. Duk abin da aka sha hanta ce take tace shi, ga ta kuma dama a jigace. A fara gwaji tukuna. Rigakafin nau'in B yana cikin alluran yara, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa.

Itatuwa ne fa, Allah ya halicce su. Wace illa za su yi?

Ba raina itatuwa ake yi ba, magungunan asibiti da dama daga cikinsu aka samo. Matsalar awo ce da rashin sanin abin da ke ciki. Kanwa gishiri ne mai yawa, tana ɗaga hawan jini; tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mai sakin ciki idan aka daɗe a kansa yana zubar da gishirin jiki, hanji kuma ya saba. Kwalbar ƙarin jini ta kemis, mai sinadarin ƙarfe, ita kanta tana sa tashin zuciya da taurin bayan gida, ta kuma baƙanta shi. Mai juna biyu, mai ciwon ƙoda da ƙaramin yaro, bai kamata a ba su haɗin da ba a san kansa ba.

Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalba ta fi babu, amma ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da duk cututtukan da aka jera a takardar. Wanda aka ɗura a tsohuwar gorar ruwa kuwa, ko wannan ba shi da ita.

Idan na je asibiti me za su yi mini?

Za a tambaye ka inda ciwon yake da lokacin da yake tashi, a duba bayan gida ko jini, wani lokaci a yi hoto. Idan ƙwayar cutar nan ce mai kawo olsa, za a haɗa maka masu kashe ƙwayoyin cuta iri biyu da mai rage asid irin omeprazole. A shanye su duka, ko da an ji sauƙi a rana ta huɗu. Yankewa a tsakiya shi ke sa ƙwayar ta gagari maganin. Ka faɗi duk abin da kake sha, domin omeprazole yana iya ɓoye ƙwayar a gwaji, shi ya sa ake dakatar da shi mako biyu kafin a yi. Ka tafi da kwalbar tsimin da ledar ƙwayoyin kemis, ba abin kunya ba ne. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, ana turawa Birnin Kudu, Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake zura na'ura mai kyamara ta maƙogwaro a ga gyambon ido da ido.

Yaushe ne ba a jiran gari ya waye?

Aman jini, ko amai mai baƙin gudaji. Bayan gida baƙi wuluk mai danƙo da wari, alhali ba a shan maganin ƙarin jini. Ciwon da ya soke farat ɗaya, ciki ya ƙage ba ya taɓuwa. Rawayar ido tare da zazzaɓi da rawar sanyi. Waɗannan a nemi mota ko babur a daren. Dattijon da yake ramewa ba dalili, ko abinci yana tsaya masa a ƙirji, ko loma kaɗan ta cika shi, shi ma kada 'ya'yansa su bari mako ya zagayo ba a kai shi ba.