Waiwaye: Daga ƙwayar barci zuwa ciwon suga, tushen taƙaddamar diyyar tsoffin sojojin Amurka

Ja-in-jar da ake yi a Amurka kan kuɗin nakasa na tsoffin sojoji ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kuma ciwon suga na cikin abubuwan da suka fi tayar da jijiyar wuya. Masu suka na cewa wannan ciwo ne na shekaru da na ciki, miliyoyin farar hula na fama da shi, to me ya haɗa shi da fagen daga? Tsoffin sojojin kuwa, musamman waɗanda suka dawo daga Iraƙi da Afganistan, cewa suke yi da lafiyarsu suka tuɓe kaki, maganin da aka ɗora su a kai ne ya kai su ga awon suga kowace safiya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu na majinyatan asibitocin Ma'aikatar Tsoffin Sojoji, wato VA, yana da ciwon. Wanda ya tsinci maganar daga tsakiya zai zaci wata sabuwar dabara ce aka ɓullo da ita ta neman kuɗi, alhali kuwa ta kwashe shekara talatin tana tsima.

Farkon labarin sananne ne. An fesa gubar kashe ganye ta Agent Orange a dazukan Biyetnam, majalisa ta yi doka a kanta a 1991, sannan a 2001 aka shigar da ciwon suga nau'i na biyu cikin cututtukan da ake ɗauka cewa gubar ce ta jawo su. Duk wanda ya taka ƙasar tsakanin 1962 da 1975 ba ya buƙatar kawo wata hujja. Wannan ƙofa a buɗe take, amma ta 'yan wancan yaƙi ce.

Ɗaya ƙofar ta fi ƙunci. Dokokin VA sun daɗe da yarda cewa idan ciwon da aikin soja ya jawo ya haifi wani ciwo, na biyun ma ya cancanci diyya, kuma a 1995 kotun ɗaukaka ƙarar tsoffin sojoji ta ƙara da cewa ko tsananta ciwon kawai ya yi, a biya gwargwadon tsanantar. Cikin waɗannan shekaru ne wasu sababbin magungunan taɓin hankali suka shigo: risperidone a 1993, olanzapine a 1996, quetiapine a 1997. Ba don firgicin bayan yaƙi, wanda ake kira PTSD, aka ƙirƙiro su ba. To amma likitan da ke zaune gaban saurayin da ya yi wata uku bai runtsa ba, yana zabura da ƙarar rufe ƙofa, kayan aikin da ke hannunsa kaɗan ne, ga shi kuma waɗannan ƙwayoyi suna kawo barci. Sai a 2003 hukumar abinci da magunguna ta FDA ta nemi a rubuta gargaɗin hauhawar suga a takardar wannan rukuni, a farkon 2004 kuma ƙungiyoyin likitocin suga da na ƙwaƙwalwa suka fitar da matsaya guda: a riƙa auna nauyi akai-akai, suga kuma a auna shi kafin a fara, bayan mako 12, sannan duk shekara. Sun sa clozapine da olanzapine a sahun gaba wajen haɗari. A 2011 wani babban gwaji da aka yi a kan tsoffin sojoji ya nuna ƙara risperidone a kan jinyar da ake yi musu bai fi ƙwayar bogi amfani ga PTSD ba.

Ilimin likitanci ke nan ya iso. Abin da ya rage shi ne yadda za a faɗe shi da harshen doka, kuma nan gizo ya yi saƙa.

Ka ƙaddara mutum ɗan shekara talatin wanda ya saba gudun safe da kaya a baya. Ya haɗiyi ƙwayarsa da dare, ƙarfe biyu ta yi yana tsaye gaban firiji a buɗe, yana cin abin da ya tarar, don maganin ya taɓa wurin da ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ciki ya cika. Da rana jiki a mace. Wando ya daina shiga, a sayi wani, shi ma ya matse. Bayan wasu shekaru gwajin jini mai auna matsakaicin suga na 'yan watanni ya nuna 6.5 ko sama, likita ya ce suga ne. Sarƙar a bayyane take: yaƙi ya kawo firgici, firgici ya kawo magani, magani ya kawo ƙiba, ƙiba ta kawo suga. Sai dai ƙiba ba ta cikin jadawalin nakasa na VA. A wancan lokacin ba a lissafa ta a matsayin ciwo ko rauni, saboda haka mai duba takardu yana iya bin sarƙar har ya zo kanta, sai ta tsinke a hannunsa. A idon takarda, mutumin ya yi ƙiba ne kamar kowa, suga ya kama shi kamar kowa.

Abin da ya ɗinke wannan wuri bai fito daga zauren majalisa ba, ba a yi masa bikin sa hannu ba, shi ya sa ba kasafai ake tuna shi ba. Wani ra'ayin shari'a ne da ofishin babban lauyan VA ya fitar a watan Janairun 2017, irin wanda ya zama wajibi masu yanke hukunci na ma'aikatar su bi. Rabin farkonsa ya tabbatar da tsohon matsayi cewa ƙiba da kanta ba nakasa ba ce. Rabi na biyu ne ya sauya lissafi: ya ce ƙiba tana iya zama matakala tsakanin ciwon aikin soja da sabon ciwo. Misalin da aka kawo ma ba na suga ba ne, na ciwon baya ne da ya hana mutum motsi, ya yi nauyi, hawan jini ya biyo. Aka gindaya tambayoyi uku. Shin ciwon aikin soja ne ya sa shi ƙiba? Shin ƙibar ta taka muhimmiyar rawa wajen kawo sabon ciwon? Shin ba don ita ba da ciwon bai zo ba? A 2020 kotu ta faɗaɗa abin, ta ce ko da mutum mai jiki ne tun asali, a duba ko ciwon aikin ya ƙara masa. A 2021 kuma ta ambaci illar magani a fili cikin abubuwan da ke iya tayar da wannan batu a fayil ɗin mutum.

A ganina yawan buƙatun da ake kuka da shi yau daga nan ya samo hanya. Mutanen suna nan tun tuni da sugansu, sunan da za a kira halin da suke ciki ne babu. Tsakanin gargaɗin 2003 da ra'ayin 2017 akwai shekara 14, kuma su ne shekarun da yaƙoƙin biyu suka fi dawo da matasa gida.

Ba wai ƙofar ta wangale ba ce. Tambaya ta uku ita ce ƙadangaren bakin tulu, domin wa zai rantse cewa mutumin da mahaifiyarsa ke da suga ba zai kamu ba ko da bai sha magani ba? Abin da ke ceton mai nema shi ne ma'aunin da doka ta ɗauka: ya isa likita ya rubuta cewa yiwuwar alaƙar ta kai rabi da rabi, idan hujjoji suka yi kunnen doki kuma tsohon soja ake bai wa. Shi ya sa takardun awon nauyi na tsofaffin ziyarce-ziyarcen asibiti, waɗanda ba wanda ke kulawa da su, suka zama dukiya: nawa yake kafin ranar fara magani, nawa ya koma bayan wata shida.

Masu shan sitiroyid irin su prednisone hanyarsu ta fi gajarta, don maganin yana ɗaga suga kai tsaye ba sai ta ƙiba ba. Dokar PACT ta Agustan 2022 ta sa asma cikin cututtukan hayaƙin ramukan ƙona shara na sansanoni, wanda kuma asmarsa ta yi tsanani yakan sha irin wannan magani akai-akai. Sugansu ya fi tashi da rana zuwa yamma, awon safe kafin karyawa yana iya fitowa sumul.

Saura batun abinci, wanda ya fi kowanne ɗaure kai. Jadawalin VA yana auna nauyin ciwon suga ne da irin jinyar da ake yi masa. Wanda kiyaye abinci kaɗai ya riƙe shi, nakasarsa kashi 10 ce cikin ɗari. Wanda ya haɗa da ƙwaya ko insulin, kashi 20. Kashi 40 sai an haɗa insulin da kiyaye abinci da umarnin likita na rage aikin ƙarfi. A 2025 kashi 10 bai kai dala 180 a wata ba, kashi 20 kusan ninkinsa ne. Ke nan mutumin da ya bar lemon kwalba da farin burodi, ya cika rabin farantinsa da ganye, ya raba sauran rabin tsakanin kifi ko kaza da ɗan hatsi, duk yana kokawa da ƙwayar da ke buɗe masa ciki kowane dare, wadda kuma ba ya iya bari da kansa ba tare da likita ba, shi ne a matakin ƙasa. Akwai hankali a cikin tsarin, tunda diyya ta raunin iya aikin neman kuɗi ce, wanda ya samu sauƙi kuwa rauninsa ya ragu. Kuma ƙoƙarin yana biya ta wata fuskar: gwajin DiRECT na Birtaniya ya nuna a 2017 cewa kusan rabin waɗanda suka bi tsauraran tsarin rage abinci sugansu ya lafa bayan shekara ɗaya ba magani.

Matakan jadawalin dai an tsara su ne a 1996, shekarar da olanzapine ya shigo kasuwa, kafin allurai na zamani masu rage suga da nauyi tare. Wani tsohon soja da ke yin irin wannan allura ya nemi kashi 40, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce rubutun ya ce insulin, allurarsa kuwa ba insulin ba ce.