Kashe kuɗi a makarantun gwamnati na jihar Maraɗi

Kuɗin da ake tafiyar da makarantun firamare na gwamnati a jihar Maraɗi suna fitowa ne daga baitulmalin ƙasar Nijar, da ma'aikatun magajin gari, da ƙungiyoyin agaji, da kuma aljihun iyayen yara. Tsarin ya samo tushe daga dokar ilimi ta 1998, sannan shirin shekara goma na raya ilimi da aka fara a 2003 ya faɗaɗa shi.

Kaso mafi girma na kasafin ilimi yana tafiya ne a biyan malamai. Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta rungumi ɗaukar malaman kwantiragi, waɗanda ake biya ƙasa da albashin cikakken ma'aikaci, har suka zama su ne mafi yawa a azuzuwa. Da haka aka buɗe makarantu a ƙauyukan Dakoro, Mayahi, Tasawa da Gidan Rumji. Amma jinkirin biya ya sha jawo yajin aiki, kuma ranar da malami bai shiga aji ba asara ce da ba ta fitowa a takardar lissafi.

Ƙananan buƙatu, irin su alli, gyaran tebur da ruwan sha, suna hannun kwamitin kula da makaranta da aka sani da COGES. Iyaye ke zaɓen shugabanninsa, a tsara ayyukan shekara a taron gari, a yi karo-karo da kuɗi ko hatsi ko aikin gayya. Inda ma'aji ke karanta lissafi a bainar jama'a, mutane ba sa jin ƙyashin bayarwa.

Wurin da batun tsimi ya fi tsanani shi ne ajin zana. Yara na ƙaruwa fiye da yadda ake gini, sai a kafa rumfa da kara da itace don ta fi arha. Arhar ta shekara guda ce. Sau da yawa sai an gama girbin gero kafin a samu kara, alhali an buɗe makarantu tun watan Oktoba. Iska da ruwan farkon damina kuma su rushe rumfar kafin a kammala karatu. Kowace shekara iyaye su sake sayen zana, yara kuwa su yi ta zama a ƙasa. In aka tara kuɗin shekaru da makonnin karatun da suka salwanta, ginin siminti da ake gani da tsada shi ne mai sauƙi.

Akwai kuma hatsarin wuta. A ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta cikin birnin Maraɗi, yara akalla 25 suka rasu, watanni kaɗan bayan irinta a Yamai. Daga nan gwamnati ta hana sanya ƴan ajin renon yara cikin rumfunan kara, ta kuma yi alƙawarin maye gurbin dubban irin waɗannan azuzuwa da gini mai ɗorewa.