Wai mece ce rajistar bincike tun kafin a fara shi?

Me ake nufi da ita?

Kafin mai bincike ya tattara bayanai ko ya leƙa su, sai ya rubuta abin da yake hasashe, mutum nawa zai tambaya, me zai auna, da irin lissafin da zai yi, ya ɗora a intanet inda kwanan wata zai zauna ba mai iya gogewa. Kamar ciniki ne a gaban shaidu, in an yanke an yanke. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun fi amfani da shafukan intanet na irin wannan rajista, wato OSF ko AsPredicted, masana tattalin arziki kuma ƙungiyarsu ta Amurka ta buɗe musu tasu rajistar a 2013.

To meye amfanin wannan wahalar?

Ai matsalar ita ce in ka auna abubuwa da yawa dole wani ya fito da kyau ko da bisa sa'a ne, sai mutum ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi ya rubuta kamar dama shi yake nema tun farko, sauran kuma ya yi shiru da su, kuma wallahi sau da yawa ba da niyyar ƙarya ba ne, zuciya ce kawai ke son abin da take so. A 2015 mujallar Science ta buga aikin da Brian Nosek ya jagoranta inda aka sake gwada bincike 100 na ilimin halayya, asalinsu 97 sun ce sun gano wani abu, da aka maimaita wajen kashi 36 cikin ɗari kacal suka tabbata.

Akwai misali a Afirka?

Akwai, kuma shi ya fi burge ni. A Saliyo, masana tattalin arziki Katherine Casey da Rachel Glennerster da Edward Miguel sun bibiyi shirin raya ƙauyuka mai suna GoBifo, sun rubuta tsarin lissafinsu tun kafin su ga sakamako. Da suka buga a 2012 sai ya nuna shirin ya kawo gine-gine da ɗan motsin kasuwa, amma bai sauya yadda ake yanke shawara a ƙauye ba, mata da matasa ba su samu ƙarin murya ba. Sannan suka yi wani abu da gangan, suka tsinci wasu alƙaluma suka nuna za a iya cewa shirin ya gyara shugabanci, suka tsinci wasu suka nuna za a iya cewa ya lalata shi. Bayanai ɗaya fa! Ka duba yadda gwamnati ko mai ba da tallafi zai zuba kuɗi bisa labarin da aka zaɓar masa.

In na ga wani abu sabo a hanya fa, hannuna a ɗaure yake?

A'a. Ka bi shi, ka rubuta, sai dai ka faɗa a fili cewa wannan daga baya ka gano shi, ba ya cikin tsarin farko. Ko tsarin ne ya canza saboda wani dalili ka bayyana dalilin, shi ke nan.

Tana magance komai?

Ba ta gyara tambaya mara kan gado, kuma wasu suna rubuta tsari sama-sama yadda komai zai iya shiga ciki, wanda gaskiya wannan yaudara ce. Sai masu tace mujalla sun zauna sun kwatanta abin da aka yi alkawari da abin da aka kawo.

Ɗalibi zai iya yi?

Sosai ma. OSF kyauta ne, ka zauna da malamin da ke duba aikinka ku cike fom ɗin kafin ka fita raba takardun tambaya.